Littafin soja, na teku, ko na rayuwar mutum ɗaya: wanne za a fara saya kan yaƙin Bama?

Wani ɗan yayata da ya yi hidimar ƙasa a Kaduna ya taɓa tambayata ma'anar Kalapanzin, sunan barikin sojan da yakan wuce ta gabansa, domin ya tambayi Bahaushe, ya tambayi Bagwari, ya tambayi Bayarabe, babu wanda ya ce kalmar harshensu ce. Na gaya masa cewa sunan wani kogi ne a yankin Arakan na ƙasar Bama, wadda yau ake kira Myanmar, ba Bama ta jihar Borno ba. Haka abin yake ga barikin Dalet na Kaduna, da Myohaung da Arakan na Legas, da Letmauk na Ibadan, duk wurare ne da sojojin Afirka ta Yamma suka gwabza da Japanawa a 1944 da 1945, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, shi kuwa Chindit na Zariya sunan wata runduna ce ta musamman wadda bataliyoyi uku na Najeriya suka yi aiki a cikinta. Da ya gama saurare sai ya ce, "To Kawu, kuɗin littafi ɗaya nake da shi, wanne zan saya?"

Ban amsa masa nan take ba, domin littattafan da suka shafi wannan yaƙi iri uku ne, kuma ba tambaya ɗaya suke amsawa ba. Akwai tarihin soja, mai bin runduna daga wannan tudu zuwa wancan kogi. Akwai tarihin rayuwa, mai bin mutum ɗaya. Akwai kuma tarihin teku, wanda a ido kamar bai da haɗi da yaƙin da aka yi cikin kurmi. Na shekara da shekaru ina ba da aron ire-irensu, ina kuma sauraron abin da masu aro ke faɗa idan sun dawo da su, kuma abin da na lura shi ne yabon mai karatu ko kushensa ya fi nuna tambayar da ya zo da ita fiye da ingancin littafin. Saboda haka kafin mutum ya bi shawarar wanda ya ce masa littafi kaza ya yi daɗi ko ya gundure shi, ya kamata ya fara sanin me wancan ya shiga nema.

Tarihin soja shi ne wanda mutane suka fi zaton suna so. Misalin da ya fi kusa da mu shi ne War Bush na John Hamilton, wanda ya fito a 2001, marubucin kuma da kansa hafsa ne a bataliyar Gambiya ta cikin Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma. A irin wannan littafi ne mai karatu zai ga yadda aka kafa rundunar a 1943 ƙarƙashin Manjo Janar Woolner, da yadda sojojinta suka sare hanyar ƙaramar mota ta fiye da mil 70 cikin duwatsu da kurmi don su kai kwarin kogin Kaladan, da yadda jiragen sama suka riƙa jefo musu abinci da harsasai ta laima saboda babu hanyar manyan motoci, da kuma aikin dubban 'yan dako waɗanda suka ɗauki kayan yaƙi a ka bisa gammo, a inda ko alfadari ba ya iya hawa. A nan ne kuma za a fahimci abin da ya faru a watan Maris na 1944, lokacin da Japanawa suka zagayo ta gefe a yankin Kyauktaw suka tilasta wa rundunar ja da baya, abin da ya ɓata mata suna a wurin manyan kwamandoji, aka kuma sauya Woolner bayan 'yan watanni.

Wani tsohon samanja da na ba aron littafin ya riƙe shi wata uku, ya dawo da shi gefen shafukan duk ɗigon fensir. Abin da ya burge shi, in ji shi, shi ne marubucin ya san cewa tazarar mil biyar a taswira tana iya cin yini guda idan akwai rafi uku da damina a tsakani, kuma ya san umarnin da aka bayar da safe ba lallai ya isa kamfanin da ke gaba kafin azahar ba. Shi kuwa wani malamin makaranta, wanda ya fi samanjan Turanci nesa ba kusa ba, a babi na huɗu ya ajiye shi. Kukansa shi ne sunayen ƙauyuka sun yi kama da juna, lambobin bataliya da birged sun cakuɗe masa, kuma sai ya riƙa komawa taswira sau uku a shafi ɗaya har zaren labarin ya kuɓuce masa. Duk su biyun gaskiya suka faɗa. Wanda bai san cewa kamfanoni ne ke haɗuwa su zama bataliya, bataliyoyi su zama birged, birged uku kuma su zama runduna ba, zai sha wuya a hamsin ɗin farko na shafukan, kuma babu abin kunya a rubuta wannan tsari a takarda a saƙala cikin littafin.

Akwai wani aibi da ya fi wannan zurfi, wanda masu karatu daga ɓangarenmu suka fi ambata. Tarihin soja yana dogara ne da rahoton yau da kullum da kowace bataliya ke rubutawa, masu rubuta shi kuwa hafsoshin Turawa ne, shi ya sa laftanar Bature ke fitowa da sunansa da garinsu, sojan da ya fito daga Katsina ko Yola kuma ya fito a matsayin adadi, an kashe huɗu, an raunata tara. Hamilton ya fi yawancin marubuta ƙoƙarin kare martabar sojojin Afirka, hasali ma haushin yadda aka raina su a tarihin hukuma na cikin abin da ya sa shi rubutun, amma wannan ma ya sa dole a karanta shi da sanin cewa lauyan rundunarsa ne, ba alƙali ba.

Tarihin rayuwa kuwa gida biyu ne, kuma kuskure ne a haɗa su a ƙwarya ɗaya. Akwai na janar, akwai na ƙaramin soja. Na janar da kowa ke ambata shi ne Defeat into Victory na William Slim, kwamandan Babbar Runduna ta 14, wanda aka buga a 1956 lokacin yana Gwamna Janar na Ostireliya. Ban taɓa ba wani aronsa ya ce rubutun bai yi daɗi ba. Slim ya fara ne daga kayen da aka sha a 1942, lokacin da Japanawa suka kori sojojin Birtaniya daga Rangun har iyakar Indiya, yana kuma faɗin kurakuransa da bakinsa, abin da ba a saba ji daga manyan sojoji ba. Wurin da ya fi zama a ran masu karatu ba ma wurin faɗa ba ne, wurin cuta ne: ya ce a 1943 duk sojan da aka kwashe saboda rauni ɗaya, akwai 120 da aka kwashe saboda rashin lafiya, galibi zazzaɓin cizon sauro, sai ya sa aka riƙa gwada sojoji ba zato don a ga ko suna shan ƙwayar rigakafin, kwamandan da bataliyarsa ta gaza kuma a tuɓe shi, kuma uku kawai ya tuɓe sauran suka shiga taitayinsu. Wani ma'aikacin lafiya da ya karanta ya ce mini wannan shafi ya fi masa amfani fiye da duk labarin manyan gumurzun da aka yi a Imphal da Kohima.

Amma ɗan Najeriyar da ya sayi littafin Slim don ya nemi kakansa zai rufe shi da takaici. Rundunonin Afirka ta Yamma biyu, ta 81 da ta 82, shafuka kaɗan suka samu a littafi mai kauri, domin idon janar yana kan tsakiyar fagen, wato Imphal da Meiktila da Mandalay, Arakan kuwa gefe ce a wurinsa. Sannan duk iya gaskiyar mutum, wanda ke ba da labarin kansa shi ke zaɓen kuskuren da zai amsa, kuma amsa ƙananan laifuffuka cikin ladabi yakan sa mai karatu ya daina neman manya.

Na ƙaramin soja shi ne wanda na ga mutane suna gamawa cikin dare biyu. Another Man's War na ɗan jarida Barnaby Phillips, wanda ya fito a 2014, yana bin rayuwar Isaac Fadoyebo, wani yaro daga kusa da Owo da ya shiga soja yana ɗan shekara 16, aka sa shi a sashen kula da masu rauni. A farkon Maris na 1944 Japanawa suka far wa ƙungiyarsu a bakin Kaladan, aka harbe shi a ƙafa, aka bar shi cikin gawawwaki. Shi da wani sojan Saliyo, David Kargbo, wani manomi Musulmi mai suna Shuyiman ya ciyar da su, ya ɓoye su kimanin wata tara, alhali ya san idan Japanawa suka gano zai iya rasa ransa da na iyalinsa. Bayan fiye da shekara 60 marubucin ya je Bama ya nemo zuriyar manomin ya kai musu wasiƙar godiya, Fadoyebo kuma ya rasu a 2012. Wata malama da ta ce ba ta taɓa gama littafin yaƙi ba ta gaya mini cewa a nan ne ta fara tunanin me uwa ke ji idan an kawo mata takardar cewa ɗanta ya ɓace a ƙasar da ba ta taɓa jin sunanta ba.

Ƙarfin wannan iri shi ne kuma rauninsa. Mutumin da ya kwanta wata tara a ɓoye da ruɓaɓɓiyar ƙafa bai ga yadda yaƙin ya gudana ba, kuma ko da yake Phillips ya cike gurbin da bayanin abin da ke faruwa a kewaye, mai karatu zai fito da sanin zafin yaƙin fiye da sanin tsarinsa. Ban da haka, Fadoyebo ya yi makarantar boko, shi ya sa ya iya rubuta labarinsa, alhali da yawa daga cikin masu riƙe bindiga 'yan Arewa ne da 'yan tsakiyar ƙasa, Hausa ce harshen da ake magana da ita a bariki, kuma labarinsu a bakinsu ya tsaya, a zaure da gindin bishiya, har suka ƙare. Duk lokacin da na zo nan sai na tuna Chari Maigumeri, wanda ya fara soja a wurin Jamusawa a Kamaru, ya samu lambar yabonsu, aka kama shi a Garwa a 1915, ya koma sojan Ingila, ya yi yaƙi a Afirka ta Gabas da Bama, ya yi ritaya a 1953, barikin Lokoja kuma ke ɗauke da sunansa. Rayuwarsa kaɗai ta isa littafi mai kauri.

Sai tarihin teku, wanda shi ne ya fi daɗewa a kan kanta ba mai taɓawa. Uzurin da ake ba ni kullum ɗaya ne, wai mutumin da bai taɓa ganin ruwan da ya wuce Tiga ko Kainji ba me zai yi da labarin jiragen ruwa. Ni kuwa a ganina shi ne irin da ya fi bayyana dalilai, kuma Bahaushe ya fi kowa saurin gane shi idan aka ce masa labarin ayari ne. Jiragen 'yan kasuwa su 30 ko 50 suna tafiya tare a jere da gudun wanda ya fi kowa nauyin jiki, akwai madugu, akwai 'yan rakiya masu makamai a gefe, jiragen ƙarƙashin ruwa na Jamus kuma su ne 'yan fashin da ke kwanton ɓauna, kuma wanda ya ware daga ayari shi ake fara ci. Tsakanin 1939 da 1945 an nutsar da jiragen kasuwa kusan 3,500 a yaƙin Atilantika, ma'aikatan jiragen kasuwan Birtaniya fiye da 30,000 suka mutu, su ma Jamusawan da suka shiga jiragen ƙarƙashin ruwa kusan kashi uku cikin huɗu ba su koma gida ba.

Haɗin wannan da Kalapanzin yana fitowa ne idan aka tambayi yadda sojan Kano ya isa Indiya. Tun da Italiya ta shiga yaƙin a watan Yunin 1940 hanyar Bahar Rum ta zama tarko, sai jirage suka koma zagaye Afirka ta ƙasa, Freetown ta Saliyo ta zama zangon da ayari ke taruwa, kuma ta wannan doguwar hanya aka kwashi Runduna ta 81 daga gaɓar Afirka ta Yamma zuwa Bombai a 1943, tafiyar makonni. Wannan toshewa ce ta sa aka riƙa kawo jiragen sama cikin akwatuna zuwa tashar ruwan Takoradi ta ƙasar Gana, a haɗa su a can, su tashi ta Legas da Kano da Maiduguri da Fort Lamy, wato Injamena ta yau, su ratsa Sudan har Alƙahira, fiye da jirgi 5,000 daga 1940. Kamfanin Elder Dempster, mai jigilar fasinja da wasiƙu tsakanin Liverpool da Legas, ya rasa jiragensa masu suna Accra da Apapa a 1940, ya rasa jirgin Abosso a Oktoban 1942 da mutum fiye da 360 a cikinsa. Da Japan ta nutsar da manyan jiragen yaƙin Birtaniya biyu a gaɓar Malaya ranar 10 ga Disambar 1941, Singafo kuma ta faɗi a Fabrairun 1942, kuzar Malaya ta fita daga hannun Birtaniya, abin da ya jawo aikin tilas a ma'adinan Jos daga 1942 zuwa 1944, wanda tsofaffi ke kira ɗiban gwamna. A ɗaya ɓangaren ma teku ce ta yanke hukunci, domin hatsarin da ke hanyar ruwa zuwa Rangun ne ya sa Japanawa suka gina layin dogo mai kilomita 415 daga Tailan zuwa Bama da gumin fursunoni da leburorin tilas, yunwar da ta ci sojojinsu kuma tana da tushe a jiragen kayansu da Amurka ta yi ta nutsarwa.

Sai dai babu littafin teku ɗaya da zai jera wa mutum wannan duka. Mai karatu ne zai ƙulla zaren da kansa, kuma Bama ba ta cika fitowa a ciki ba sai a gefe. Ra'ayoyi kuma sun fi rabuwa a nan. Tarihin hukuma na Stephen Roskill, The War at Sea, wanda ya fito tsakanin 1954 da 1961, masu haƙuri suna yaba tsarinsa da taswirorinsa, amma an rubuta shi ne kafin 1974, shekarar da aka bayyana wa duniya cewa Birtaniya tana karanta saƙonnin sirrin Jamus a wata cibiya mai suna Bletchley Park, don haka akwai wuraren da ayari ke kauce wa tarko ba tare da an faɗi dalili ba. Clay Blair kuwa, a juzu'i biyu da ya fitar a 1996 da 1998, ya bi kusan kowace fitar jirgin ƙarƙashin ruwa ɗaya bayan ɗaya, ya kuma kafe kan cewa an zuzuta barazanar, tun da kusan kashi 99 cikin 100 na jiragen da suka bi ayari sun isa lafiya. Masu son lissafi suna ɗaukarsa taska, wasu kuma suna cewa kamar karanta littafin rasit ne, ni kaina ban karanta shi a jere ba, fihirisarsa nake bi in ɗauki abin da nake so. A dukansu, 'yan Afirkan da suka yi aikin zuba kwal a ɗakin injin, waɗanda su ne ba sa samun fita idan jirgi ya fashe, da wuya a ga sunan ɗayansu.

Idan aka zo zaɓi, wanda bai saba karanta tarihi da Turanci ba, ko wanda ke da tsohon soja a zuriyarsa, ya fara da rayuwar ƙaramin soja, domin Turancinsa ya fi sauƙi kuma shi ne zai haifar masa da tambayoyin da za su tura shi gaba. Soja mai ci, ko ɗalibin da zai yi rubutu kan rundunonin Afirka ta Yamma, ba shi da mafita sai tarihin soja, ya tanadi babbar taswira a gefe. Mai riƙe da ragamar mutane, shugaban makaranta ne ko na asibiti, littafin janar zai fi yi masa amfani, muddin ya tuna cewa mai abu ne ke yabon abinsa. Wanda kuma hankalinsa ya fi karkata ga tattalin arziki, yana son sanin me ya haɗa gyaɗar Kano da kuzar Jos da yaƙin da ake yi a wata nahiya, ya nufi teku kai tsaye, amma ya zaɓi littafin juzu'i ɗaya da aka rubuta bayan 1974, kada ya fara da manyan kundaye.

Ɗan yayata na Phillips ya saya. Bayan mako biyu ya bugo waya yana tambayar dalilin da ya sa aka bar masu jinya a bakin kogi ba tare da isassun masu gadi ba, na ce masa amsar wannan tana cikin rikicewar janyewar watan Maris, sai na aika masa da nawa kwafin Hamilton tare da hoton taswirar Kaladan da na sa aka faɗaɗa a shagon kwafi. Na kuma ja masa kunne kan littattafan gwanjo, domin na taɓa sayen juzu'i ɗaya na Roskill a hannun wani mai shimfiɗa littattafai a bakin titi, cikin murna da arha, sai da na isa gida na tarar an yage duk taswirorin nan masu naɗewa, saura guntayen takarda a jikin ɗinki, kuma da na koma washegari mutumin ya ce shi ma haka ya same shi a cikin dila.